SALATIF DA LEDA: Tsoron da masu mulki ke rabawa, da shirin da ke wuyan mumini

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin malamanmu ya gabatar ga matasa 'yan'uwa a zaman karatu na bayan sallar Isha'i. Mun rubuto muku shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, in ban da 'yar gyaran fuska. A sha karatu lafiya.



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da iyalan gidansa tsarkaka da sahabbansa managarta.

'Yan'uwa, yau ba za mu ci gaba daga inda muka tsaya a karatu ba, saboda wata tambaya da biyu daga cikinku suka kawo mini. Sun ji a rediyo cewa ƙasashen Turai suna gaya wa mutanensu su tanadi ruwa da abinci saboda tsoron yaƙi da ta'addanci da makaman nukiliya. Labarin gaskiya ne. A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin Suwidin ta aika wa kowane gida a ƙasarta wani ɗan littafi na yadda mutum zai yi in yaƙi ya ɓarke. A watan Maris na 2025 kuma Tarayyar Turai ta ce kowane gida ya ajiye abin da zai riƙe shi na awa 72, wato kwana uku. To, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu ya zo a firgice, yana tambaya ko duniya ce za ta tashi. Ɗayan kuwa dariya yake yi, yana cewa ai su dama matsorata ne, mu da muka dogara ga Allah ina ruwanmu da tanadi. Na ce musu su bari sai mun haɗu gaba ɗaya, don kowannensu ya kama gefe guda na maganar ya saki ɗaya gefen.

Irin wannan shawara ta gwamnati ba yau aka fara ta ba. Bari in kai ku Amurka, watan Fabrairu na shekarar 2003, lokacin da mafi yawanku ko ba a haife ku ba, ko kuna goye.

A lokacin an yi shekara ɗaya da wata biyar da harin 11 ga Satumba, 2001, wanda ya kashe mutum kusan 3,000. Kuma tun kafin in yi nisa bari in faɗa ƙarara, don kada wani ya fita ya ce Malam ya ce. Kashe mutumin da ya fito neman abincinsa, bai tare maka hanya ba, bai ɗauki makami a kanka ba, ɓarna ce a bayan ƙasa, ko wane ne ya yi ta, kuma ko wane suna ya sa mata. Har da Musulmi a cikin waɗanda suka mutu a ranar. Wannan ke nan.

Bayan harin da 'yan makonni sai aka shiga aika wasiƙu masu ɗauke da ƙwayar cutar antiraks zuwa gidajen jaridu da ofisoshin sanatoci. Mutum biyar suka mutu. Jama'a suka koma tsoron buɗe ambulan. A watan Maris na 2002 gwamnati ta fito da wani ma'auni na haɗari mai launi biyar: kore, shuɗi, rawaya, ruwan goro, ja. Kore shi ne lafiya lau, ja shi ne gobara a bakin ƙofa. Aka kuma kafa sabuwar ma'aikata ta tsaron cikin gida, aka naɗa wani mai suna Tom Ridge ya shugabance ta.

To, ranar 7 ga Fabrairu, 2003, sai aka ɗaga ma'aunin nan daga rawaya zuwa ruwan goro. Ku saurari dalilin da aka bayar da kyau. Antoni-janar ɗinsu na lokacin, John Ashcroft, ya ce rahotannin asiri sun nuna ana iya kawo hari a daidai lokacin kammala aikin Hajji. Ka ji fa. Bayin Allah suna can Arfa suna kuka suna neman gafara, a can kuma an ɗaura ibadarsu a jikin agogon tsoro. Bayan kwana uku jami'an ma'aikatar suka fito da shawara: kowane gida ya tanadi ruwa da abinci na kwana uku, da rediyo mai batir, da tocila, da magunguna, sannan ya sayi salatif mai kauri da leda mai faɗi, don in an saki iska mai guba ya shige ɗaki guda ya liƙe ƙofa da tagogi.

Wallahi 'yan'uwa, kamar an cinna wa kara wuta. Mutane suka yi cincirindo a kantuna, a wasu garuruwa salatif ya ƙare ƙaf, leda ta ƙare, ruwan gora ya ƙare. Wasu ba su ma jira an saki komai ba, suka hau liƙe gidajensu. Sai da shi Tom Ridge ya sake fitowa bayan 'yan kwanaki yana cewa a'a, ba a ce ku fara liƙe ƙofofi yanzu ba, ajiyewa aka ce ku yi. Ranar 27 ga wata aka mayar da ma'auni rawaya. Ba a saki iska ba, ba a kawo hari ba.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe ido. Me ake yi a wannan watan? Mai hankali ba ya ɗaukar labari shi kaɗai, sai ya duba me ke gabansa, me ke bayansa.

Ranar 28 ga Janairu, 2003, Shugaba Bush ya tsaya gaban majalisarsu ya ce Saddam Husaini ya nemi sayen yuraniyom mai yawa daga Afirka. Wace ƙasa ake nufi? Nijar ɗin nan tamu. An fito da wasu takardu masu nuna wai gwamnatin Nijar ta yi cinikin yuraniyom da Iraƙi. Alhali tun a Fabrairun 2002 su da kansu sun tura wani tsohon jakadansu, Joseph Wilson, ya je Yamai ya bincika, ya koma ya ce musu da wuya a ce an yi wannan ciniki. Ranar 5 ga Fabrairu, kwana biyu kacal kafin a ɗaga ma'auni, sakataren harkokin wajensu, Colin Powell, ya zauna a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗaga wata 'yar kwalba, yana nuna wa duniya cewa antiraks ɗan kaɗan kamar wannan ya isa ya yi ɓarna, kuma Iraƙi tana da shi jibgi. Ranar 7 ga Maris shugaban hukumar nukiliya ta duniya, Muhammad al-Baradi'i, ya gaya wa wannan kwamiti cewa takardun Nijar na jabu ne. Bai hana komai ba. Ranar 20 ga Maris aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza.

Ka gane? Mutumin da ya kwana yana auna tagar ɗakinsa da leda, yana lissafin ko numfashin 'ya'yansa zai kai safe, in ka ce masa ga wanda zai saki iskar can a Bagadaza, ba zai tsaya ya nemi hujja ba. Cewa zai yi a je a gama da shi. Ba duka ne suka ruɗu ba, a yi musu adalci, domin ranar 15 ga Fabrairu miliyoyin mutane sun fito zanga-zangar ƙin yaƙin a Landan da Rum da Madrid da cikin ita Amurkar kanta. Amma an yi yaƙin. A 2004 tawagar binciken da Amurka ta tura da kanta ta kawo rahoto cewa ba ta sami tarin makaman ƙare-dangin da aka ce akwai ba. Zuwa lokacin an riga an rusa ƙasa, an mayar da mata zawarawa, an mayar da yara marayu.

Su kuma wasiƙun antiraks, ina aka kwana? Bayan shekaru ana bincike, hukumar FBI ta ɗora laifin a kan wani masanin kimiyya Ba'amurke da ke aiki a ɗakin binciken sojojin Amurka. Ya mutu a 2008 kafin a kai shi kotu, aka rufe shari'ar a 2010. Ba Bagadaza, ba Yamai. Ma'aunin nan mai launi biyar kuma an soke shi a 2011, kuma tun da aka kafa shi har aka soke shi bai taɓa sauka kan kore ko shuɗi ba, ko da na yini ɗaya. Shekara tara ba a taɓa ce wa mutane ku kwanta da minshari ba. Shi kansa Tom Ridge, a littafin da ya fitar a 2009, ya ba da labarin yadda wasu manyan gwamnati suka so a ɗaga ma'aunin ana gab da zaɓen 2004, har ya tsaya yana tambayar kansa ko tsaro ne wannan ko siyasa. Ba a ɗaga ba a wannan karon, waɗanda ya ambata kuma sun musa. Amma in mai gadin ƙofa da kansa ya yi irin wannan tambaya, kai da ke waje me za ka ce?

Wannan ba sabon abu ba ne ga mai karanta Alƙur'ani. Ku tuna matsafan Fir'auna ranar da aka tara mutane. Me suka jefa? Igiyoyi da sanduna. Amma sun sihirce idanun mutane, sun cusa musu tsoro, sai igiya ta koma maciji a idon mai kallo. Azzalumi ya san ba zai iya sa wa kowane mutum ɗan sanda ba, sai ya sa masa tsoro a ƙirji, tsoron ya riƙa yi masa gadi kyauta.

Kuma akwai wata tambayar da ba a so talaka ya yi. Su wa suka ƙera abin da ake tsoron? Bam ɗin nukiliya sau biyu aka taɓa jefa shi a kan mutane a yaƙi, Hiroshima ranar 6 ga Agusta, 1945, da Nagasaki ranar 9 ga wata, kuma Amurka ce ta jefa. Kafin ƙarshen wannan shekara an ƙiyasta mutum kusan 140,000 sun mutu a Hiroshima kaɗai. Yau akwai kawunan makaman nukiliya kusan 12,000 a hannun ƙasashe tara, kuma kusan kashi 90 cikin 100 suna hannun Amurka da Rasha. Faransa da ta tashi gwada nata bam ɗin na farko ba ta gwada a gonakin Faransa ba, sai ta zo Saharar Aljeriya ta fasa shi ranar 13 ga Fabrairu, 1960. Da ta ci gaba da gwaje-gwajen, Nijeriya ta kori jakadanta daga Ikko a Janairun 1961. Wato wanda ya haƙa rijiyar shi ne kuma yake rabon takardar yadda za ka yi in ka faɗa.

A Ingila, a 1980, gwamnati ta buga wani ɗan littafi na yadda iyali za su tsira daga harin nukiliya. A ciki an ce ka shafa wa gilashin taga farin fenti, ka ciro ƙyamaren ƙofa ka jingina su da bango ka lafta musu jakunkunan ƙasa ka shige ƙarƙashi, ka tanadi abincin kwana 14. Har an yi bayanin yadda za ka naɗe gawar wanda ya mutu a cikinku ka maƙala mata takarda mai suna. Mutanen ƙasar da dama suka mayar da littafin abin ba'a, suka ce gwamnatin da ta tara makaman ita ce ke koya mana naɗe gawa.

Ko maɓoyar ma da ake cewa a shiga, ai sai mai bam ya ga dama. Ranar 13 ga Fabrairu, 1991, a unguwar Amiriyya a Bagadaza, mata da yara da tsofaffi sun bi shawarar hukuma, sun shiga maɓoya mai kaurin kankare sun kwanta. Da asuba jiragen Amurka suka sakar mata bama-bamai biyu masu huda kankare. Fiye da mutum 400 suka ƙone a ciki. Amurka ta ce ita a saninta cibiyar soja ce. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sai kuma mu tambaya, shawarar nan don wa aka yi ta? A Agustan 2005, shekara biyu da rabi bayan zancen salatif, guguwar Katrina ta afka wa birnin Niyu Olins. Hukuma ta ce kowa ya fice. Mai mota ya cika tanki ya fice. Talakawa, akasarinsu baƙar fata, marasa mota, marasa kuɗin masauki, suka rage a kan rufin gidaje da cikin filin wasa kwana da kwanaki suna jiran ruwan sha. Fiye da mutum dubu suka mutu. Ƙasar da ta kwashi sojoji fiye da dubu ɗari ta kai Iraƙi ta kasa kai wa mutanenta ruwa a kan lokaci. Cewa "kowa ya tanadi na kwana uku" magana ce mai sauƙi a bakin wanda ya ƙoshi. Wanda sai ya fita ya samo sannan a ɗora tukunya, da me zai yi tanadin?

To, na ga wanda ya yi dariya ɗazu yana gyaɗa kai, yana ganin na goyi bayansa. Dakata tukuna, yanzu na zo kanka.

Don maƙaryaci ya ce maka ruwa na zuwa, ba shi ke nuna rufin ɗakinka ba ya yoyo ba. Cikin shawarar nan akwai abin da yake gaskiya ne, kuma mu ya fi kamata mu riga su aiki da shi, tun da a littafinmu yake. Annabi Yusufu (A.S.) da ya fassara mafarkin sarkin Masar bai ce a zauna a jira ikon Allah ba. Tsari ya bayar: shekara bakwai a yi noma tuƙuru, abin da aka girbe a bar shi a zangarniyarsa don kada ya lalace, a ci kaɗan, a ajiye saura saboda shekaru bakwai na fari. Sannan ya nemi a ɗora shi a kan rumbunan ƙasa. Ku lura da wannan, domin nan ne bambancinsa da masu rabon takarda. Bai tura kowa ya ji da kansa ba. Hukuma ce ta tara, hukuma ce ta raba, har mutanen wasu ƙasashe suka zo awo.

Dubi hijirar Manzon Allah (S.A.W.). Wa ya kai shi dogaro ga Allah? Amma an tanadi raƙuma tun da wuri. An ɗauki ɗan jagora masanin hanya. Madina tana arewa, sai aka fara yin kudu zuwa kogon Saur don a ɓad da sawu, aka yi kwana uku a ciki. Akwai mai kawo abinci, akwai mai kawo labarin abin da Ƙuraishawa ke ƙullawa, akwai makiyayin da ke koro tumaki a kan sawun don ya shafe. Imam Ali kuma ya kwanta a shimfiɗarsa, ya tsaya ya mayar wa mutane da ajiyarsu. A shekara ta biyar bayan hijira, da rundunonin ƙawance suka nufo Madina, Salmanul Farisi ya kawo shawarar haƙa ganuwa, dabarar da Larabawa ba su saba da ita ba, dabarar Farisawa ce. Manzon Allah bai ce wannan ta majusawa ce ba. Ya karɓa, ya shiga ramin da kansa yana ɗaukar ƙasa, ga yunwa ga sanyi. Kuma kun san labarin mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure ta tukuna. Saboda haka wanda ya ƙi tanadi ya ce tawakkali yake yi, lalaci ne ya sa wa rawani.

Ko a batun nukiliyar, ba duka shawarar ce abin dariya ba. Wanda yake tsakiyar inda bam ya faɗa, ba leda ba, ko dutse ne ba zai fisshe shi ba sai wani ikon Allah. Amma mafi yawan mutane ba a tsakiyar suke ba, kuma abin da ke cim musu daga baya shi ne ƙurar da ke saukowa mai ɗauke da guba. Masana sun ce ƙarfin gubar nan yana raguwa da sauri: bayan awa bakwai ya koma kashi ɗaya cikin goma, bayan kwana biyu ya koma kusan ɗaya cikin ɗari. Shi ya sa suke cewa ka shiga gini mai kauri, ka nisanci bango na waje da rufi, ka zauna aƙalla yini da kwana, ka tuɓe tufafin da ƙura ta taɓa ka ɗaure su a leda, ka yi wanka da sabulu, ka kunna rediyo. Wanda ya fito yana gudu a fili a awannin farko shi ya fi kwasa. Wannan ilimi ne, kuma ilimi ba ya zama najasa don ya fito daga bakin wanda ba ka so.

Abin da nake so ya zauna muku shi ne firgici da kansa makami ne, yana kisa. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 Iraƙi ta harba makamai masu linzami kusan arba'in cikin Isra'ila. An raba wa mutane takunkumin kariya daga iska mai guba, an ce su liƙe ɗaki da leda da salatif, irin dai shawarar da Amurka ta maimaita a 2003. Babu ko ɗaya cikin makaman da ya zo da guba. Waɗanda makaman suka kashe kai tsaye mutum biyu ne. Waɗanda suka shaƙe a cikin takunkumi don ruɗewa ta hana su cire murfin matatar iskar, da waɗanda zuciya ta buga wa, sun fi haka yawa. A Hawayi ta Amurka, ranar 13 ga Janairu, 2018, wani ma'aikaci ya tura saƙo ga wayoyin jama'a cewa makami mai linzami na tafe, kowa ya nemi mafaka. Sai bayan minti 38 aka turo cewa kuskure ne. Cikin mintunan nan mutane sun yi ta sallama da iyalansu a waya, wasu sun zuba a guje da mota ba su san inda suka nufa ba.

Ba sai mun je nesa ba. Ranar 27 ga Janairu, 2002, rumbun makamai ya kama da wuta a barikin Ikeja a Ikko. Fiye da mutum dubu suka rasu. Mafi yawansu ba harsashi ne ya same su ba. Gudu suka yi cikin duhu, ba wanda ya gaya musu me ke faruwa ko ina za su nufa, suka afka cikin wata babbar magudanar ruwa da ciyayi suka rufe, na baya na danne na gaba. Da yawansu yara ne.

Mu ma a nan mun ɗanɗana. Ranar Juma'a, 28 ga Nuwamba, 2014, aka tayar da bama-bamai a babban masallacin Kano ana shirin salla, 'yan bindiga kuma suka buɗe wuta a kan masu gudu. Fiye da mutum ɗari suka rasu, Allah Ya gafarta musu. Ranar waye ya fara ɗaukar masu rauni? Matasa irinku, da hannu, da kafaɗa, da babur mai ƙafa uku. Kullum haka ne, kafin motar asibiti ta iso, na kusa shi ne likita. To, tambayata gare ku: cikinku nan mutum nawa ne ya san yadda ake tsayar da jini? Ku ɗaga hannu in gani. To, kun gani. Ga ƙarfi, ga zuciya, ga niyya, amma an bar hannu ba sani.

Jini in yana zuba, tsumma mai tsabta za ka samu ka danne bakin raunin da ƙarfinka, ka riƙe, ba ɗagawa kana leƙawa. In ya jiƙe ka ƙara wani a kai. Abin da ya soke mutum ya maƙale, kada ka zare, bar wa likita. Wanda wuta ta ƙona, ruwa mai sanyi za a yi ta kwarara masa na kamar minti ashirin, ba manja, ba ƙwai, ba man goge baki. Wanda ya suma amma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa. Kuma don Allah, in abu ya fashe, a daina rugawa kallo. Masu wannan ta'asa sun san halinmu, sukan ajiye na biyu don taron da zai zo ganin na farko. Wanda ba aikin ceto zai yi ba ya yi nisa, ya bar hanya.

Wani abin kuma, tun da mun yi zancen liƙe ɗaki. Kada wani ya ji wannan ya je ya toshe ɗaki da garwashi a ciki lokacin hunturu, ko ya kunna janareto a cikin gida ya rufe ƙofa. Iskar da ke fita daga cikinsu ba ta da wari, barci take sa mutum, ba ya farkawa. Wannan ta fi kusa da ku fiye da kowane bam.

Batun tanadi kuwa, na san aljihunku. Ba na ce kowa ya je kanti ya cika buhu ba. Su lissafinsu kusan lita huɗu ta ruwa ga kowane mutum a yini. Jarka biyu masu murfi a gida, ana sabunta ruwan, ba su fi ƙarfin mai iyali ba. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, gishiri da sukari saboda haɗa ruwan gudawa, tocila, ƙaramar rediyo da batir. Takardun gida da na makaranta a ɗaure a leda wuri guda. Maganin tsoho mai hawan jini ko ciwon suga kada a bari sai ya ƙare. Yara su haddace sunan mahaifinsu da unguwarsu da lambar waya ɗaya, kuma iyali su san gidan da za a haɗu in an rabu. Kakanninmu da suke gina rumbu su bar hatsin bara ba takardar gwamnati suka karanta ba.

Wanda ba shi da halin ko wannan fa? Nan ne aikinku yake, kuma nan ne za mu rabu da tsarin kowa-tasa-ta-fisshe-shi. Kowace unguwa ku san gidan da tsohuwa take ita kaɗai, ku san gidan marayu, ku san inda gurgu yake da makaho, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, maƙwabci maƙwabci ne. Ku san mai mota, ku san ma'aikacin jinya, ku san mai rijiya. In ana tara taimakon mako, a ware wani abu a sayi mudu biyu uku a ajiye da sunan waɗannan gidaje.

Sannan harshe. Duk wanda ya sami labari a waya cewa ga su nan sun shigo gari, ko an zuba guba a ruwa, kada ya tura wa kowa sai ya san daga ina ya fito. In ka tura ƙarya mutane suka ruga aka tattake yaro, kana da kamasho a jininsa, ko da niyyarka gargaɗi ce.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu nemi ɗaya daga cikin 'yan'uwa ma'aikatan jinya ya zo bayan La'asar ya nuna mana ɗaurin rauni da ɗaukar majinyaci a aikace. Kowa ya zo da tsohon zane ko rawani mai tsabta wanda za a iya yagawa. Masu unguwanni kuma kowa ya zo da sunayen gidajen da na ambata, a rubuce. Karatunmu za mu ɗora daga inda muka tsaya in an gama wannan.

A nan zan dakata.